Gargaɗi ga marubuta kan masu tallar "kundin littattafan guba da binciken kisa"

'Yan uwa marubuta, musamman masu rubuta labaran kisa da bincike, a yi hattara da masu shigowa zaurukan WhatsApp da Telegram suna tallar tarin littattafai na PDF, wai duk abin da marubuci ke buƙata kan guba, gawa da aikin 'yan sanda yana ciki. Littattafan irin wannan na gaskiya suna nan. A Amurka, Writer's Digest Books ta fitar da Deadly Doses a 1990 domin marubuta, a Ingila kuma Kathryn Harkup ta fitar da A is for Arsenic a 2015. Hoton bangon irin waɗannan littattafai 'yan damfara ke ɗauka su yi talla da shi.

Mafi sauƙin salon nasu shi ne a ba ka lambar asusu, ka tura kuɗi, a toshe ka. Duba sunan da banki ya nuna kafin ka danna turawa. Idan mai tallar ya ce kamfanin ɗab'i ne amma sunan mutum ɗaya ya fito, ko ya ce "na ƙanena ne", ka tsaya.

Wanda ya fi muni shi ne wanda za a turo maka fayil ɗin. Dubi ƙarshen sunansa. Littafi yana ƙarewa da .pdf ko .epub. Idan ka ga .apk, manhaja ce, kuma da zarar ka girka ta a wayar Android ka ba ta izinin karanta saƙonni, lambar sirrin da banki ke turo maka ta koma hannun wani. Babu littafin da ke neman izinin karanta saƙonninka.

Akwai kuma wanda ba ya taɓa asusunka amma yana lalata maka labari. Wasu na ɗauko tsofaffin littattafan ƙarni na 19 da kowa ke iya saukewa kyauta, kamar na Alfred Swaine Taylor kan guba na 1848, su sauya bango su sayar a matsayin sabo. Wasu kuma na'urar ƙirƙirar rubutu (AI) suke sa ta haɗa musu shafuka, su liƙa sunan "Dokta" wane da ba a san shi a ko'ina ba. A 2023 masana naman kaza (mushroom, wanda ke tsirowa a ƙasa) a New York sun yi gargaɗi kan irin waɗannan littattafai da ke koyar da tsintar naman kaza, saboda kuskure a nan mutuwa ce. A namu fannin, za ka karanta cewa gubar arsenik na kashewa nan take ba tare da barin alama ba. Ƙarya ce. Yana farawa da amai, ciwon ciki da gudawa, yana zama a gashi da farce, kuma tun 1836 aka samu gwajin Marsh, wani gwajin sinadarai da ke iya gano shi. Ka gina labari a kan wannan, ma'aikaciyar jinya ɗaya cikin masu karatunka ta isa ta rusa shi.

Kafin ka biya, nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, mai lambobi 13 da ke farawa da 978 ko 979 (tsofaffin bugu na da 10), ka sa ta a WorldCat ko Open Library, shafukan intanet na duba bayanan littattafai. Sunan marubuci, shekara da adadin shafuka su dace da abin da ake talla. Nemi a nuna maka shafin haƙƙin mallaka da shafi biyu daga tsakiya. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan. Kuma wanda ke sayar da littattafai masu yawa na kamfanoni daban-daban a farashin kati, ko da ya turo su, satar fasaha ce, irin wadda mu ma muke kuka da ita.

Ko littafin gaske ne, tsarin 'yan sandan Amurka ba namu ba ne. Labarin da ya faru a Kano sai a koma ga dokar Penal Code da likitan da ya saba ganin masu shan fiya-fiya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya kira bankinsa a ranar, da rasit da hotunan hirar, sannan ya kai ƙorafi ga 'yan sanda ko EFCC. Wanda ya girka manhajar ya kashe data, ya goge ta, ya sauya lambobin sirrinsa daga wata wayar daban, ya kuma sanar da shugabannin zauren su cire mai tallar.