Bitar manhajar par: ta iya jera layuka, amma ƙ da ɗ suna ba ta wahala

Duk mai shirin rubuta manhajar da za ta daidaita rubutu, kowane layi ya cika faɗi ɗaya daga hagu zuwa dama, gara ya fara gwada par kafin ya kwana yana lissafi. Adam M. Costello ne ya rubuta ta da yaren C, ta fito a 1993, kuma kyauta ce. A Debian da Ubuntu ana saka ta da `apt install par`, a Mac kuma `brew install par`. Ba ta da taga, a allon umarni ake kiran ta, kuma ba ta karɓar sunan fayil. Ana tura mata rubutu ne ta dawo da shi a gyare:

`par w60 j < wasika.txt > sabuwa.txt`

Harafin w shi ne faɗi, j kuma shi ke sa ta cika layin har gefen dama. In ba a faɗa mata faɗi ba, 72 take ɗauka. Kada a kuskura a sa sunan fayil ɗaya a ɓangarorin biyu, don za a share abin da ke ciki tun kafin ta karanta.

Sauran kayan aikin da aka saba da su ba su yin wannan. fold yanka layi kawai take yi a gurbi na 80. fmt ta GNU tana zaɓen wurin karya layi da kyau, amma gefen dama yana nan a karkace. Haka textwrap ta Python. Ko umarnin Ctrl+J na manhajar rubutu ta nano cika layuka kawai yake yi, ba ya ƙara tazara tsakanin kalmomi.

Lissafin cika layi ba wuya. A ɗauki faɗi 30 da layin "Ruwan sama ya sauka jiya da". Haruffa 22 ne, kalmomi 6, wato giɓi 5. Saura gurbi 8 da za a raba wa giɓi 5: kowanne ya samu ɗaya, uku daga ciki su samu ƙarin ɗaya. Mai koyo yakan jibga ƙarin nan duka a hagu, sai shafin ya yi fari ta gefe ɗaya. par tana watsa su cikin layin.

Inda ta yi fice shi ne zaɓen wurin karyawa. Manhajar da aka rubuta cikin gaggawa tana cusa kalmomi har layi ya cika, sannan ta wuce na gaba. Sai doguwar kalma irin "gwagwarmaya" ta ƙi shiga, layin ya rage da kalmomi uku da manyan ramuka a tsakani. par tana duban sakin layin gaba ɗaya. Za ta iya sauko da kalma daga layin farko tun yana da sauran wuri, don kawai layi na huɗu kada ya yi rami. Burinta giɓin da ya fi girma ya zama ƙarami iyakar yadda zai yiwu. Layin ƙarshe kuwa tana barin sa yadda yake, sai in an ƙara mata ƙaramin harafin l (L). Kada a ƙara, muni yake yi.

Ta kuma iya gane alamar da ke farkon kowane layi, kamar > na amsar imel ko # na bayanin da ke cikin lambar manhaja, ta ajiye su a wurinsu ta gyara abin da ke tsakiya. Masu aiki da manhajar rubutu ta Vim su sa `set formatprg=par\ w60\ j`, sai umarnin gq ya riƙa kiran ta. A wannan aikin ba ta da ta biyu.

Amma wayon nan nata yana juyawa kan mai Hausa. Tana neman abin da layuka suka yi tarayya a kai a farko da ƙarshe, kuma in ba a hana ta ba har haruffa take haɗawa. Kalmomin Hausa kusan duka da wasali suke ƙarewa. Sakin layi mai layi biyu, duka biyun sun ƙare da "a", sai ta ɗauka "a" ɗin ado ne na gefen dama, ta cire shi daga kalmarsa ta jera a bakin layi. Maganin shi ne a ƙara p0 s0, wato babu komai a gaba babu komai a baya.

Babbar matsalar ita ce haruffa masu lanƙwasa. Asalin par bayit take ƙirgawa, wato ma'aunin wurin da harafi ke ci a kwamfuta, kuma a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, kowanne daga ƙ, ɗ, ɓ da ƴ bayit biyu ne. Ana iya gani da ido: `printf 'ƙasa' | wc -m` zai ba da 4, `wc -c` kuma 5. Layin "Ɗan ƙaramin ɓera ya ɓuya" gurbi 24 ya ci a allo, ita kuwa 28 take gani, don haka zai tsaya saura gurbi huɗu ya kai gefe. Alamar ’ mai lanƙwasa da Word ke sakawa a ’ya’ya ta fi muni, bayit uku ce, gara a mai da ita ' ta allon bugu tun farko. Akwai gyaran da ke yawo wanda ke koya mata UTF-8, don haka a gwada wadda aka saka da layin ɓeran nan a ga inda ya tsaya.

In ba ta da gyaran, akwai dabara. Boko ba ya amfani da q, x da v, sai a ara su na ɗan lokaci da umarnin sed mai musanya haruffa:

`sed 'y/ƙɗɓƘƊƁ/qxvQXV/' wasika.txt | par w60 j p0 s0 | sed 'y/qxvQXV/ƙɗɓƘƊƁ/'`

Yana aiki tsaf muddin kwamfutar tana kan UTF-8. Sai dai a duba baƙin sunaye tukuna, in ba haka ba Volvo za ta dawo Ɓolɓo. Masu rubutun Nijar da ke amfani da ƴ za su nemi wata alama ta huɗu da babu ita a rubutun, kamar ~.

Ba ta raba kalma da karan ɗori, shi ya sa faɗi ƙasa da 40 kan fito da ramuka komai ƙoƙarinta. Idan kalma ɗaya ce tal ta dace da layi, kamar dogon adireshin intanet, sai ta ce ba za ta iya ba, kuma saƙon kuskuren cikin rubutun yake faɗawa. A ƙara E domin ya fita daban. Kalmar da ta fi faɗin tsawo kuwa daddatsa ta take yi ba tambaya, sai an sa R ta tsaya ta yi ƙorafi.

Duk wannan aiki na rubutun da haruffansa faɗinsu ɗaya ne, irin Courier, ko allon umarni, ko injin buga rasit. In aka kwafa sakamakon zuwa WhatsApp ko Facebook, inda i ta fi m siranta, jerin zai wargaje, kuma shafin intanet yana haɗe tazara biyu su koma ɗaya sai an sa rubutun cikin alamar pre ta HTML, yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi.