Tantebur Ɗin B&W Companion Bayan Shekara Huɗu na Jan Tirelar Kwana

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar manyan motoci ya kalli yadda direba yake haɗa kan tirela da bodinta ya san tantebur, wato faifan ƙarfen nan mai buɗaɗɗen baki kamar kofaton doki, wanda ƙusar da ke ƙarƙashin wuyan bodi take shiga cikinsa ta kulle. A Amurka da Kanada an ɗauki wannan dabara an ƙanƙanta ta, an ɗora ta a cikin bodin a-kori-kura, domin jan wata irin tirela da aka ƙera don kwana, mai ɗaki da falo da kicin da banɗaki, wadda gabanta yake hawa kan bayan motar kamar rumfa. Bambancinta da tirelar da ake ɗaurawa a bamba shi ne nauyin gabanta yana sauka ne a kan ƙafafun bayan mota ko ɗan gaba da su kaɗan, saboda haka ba ta cika wutsil-wutsil a kan hanya ba idan iska ta taso ko babbar mota ta wuce ta gefenka.

Ina zaune a jihar Indiyana, inda garin Elkhart da garuruwan da ke kewaye da shi, irin su Goshen da Middlebury, suke ƙera mafi yawan irin waɗannan gidajen tafiya da ake sayarwa a ƙasar, don haka ganinsu a kan titi bai zama abin kallo a wurinmu ba. Na sayi tawa tirelar ta hannu, kuma wanda ya sayar mini ya haɗa mini da wani tsohon tantebur da ba zan ambaci sunan kamfaninsa ba, domin abin da ya faru da ni da shi akwai laifina a ciki. Wata safiya na yi ribas, na ji ƙara, na ɗauka ya kulle, na ɗage ƙafafun ƙarfen da gaban tirela ke tsayawa a kansu na ja. Ashe ƙusar ta hau saman faifan ne ba ta shiga baki ba. Tirelar ta zame ta faɗo a kan gefunan bodin motata ta lotsa su, kuma kuɗin gyaran ya fi kuɗin sabon tantebur. Bayan wannan ne na sayi tantebur ɗin Companion na kamfanin B&W, kuma shekara huɗu ke nan ina jan kaya da shi.

Kamfanin B&W yana garin Humboldt a jihar Kansas, an kafa shi a 1987, kuma ya yi suna ne da wani ƙarfen jan tirela mai suna Turnoverball, wanda ƙwallonsa ake juyawa a kifa shi cikin rami idan ba a bukatarsa, bodi ya koma shimfiɗaɗɗe. Companion na asali yana zama ne a cikin wannan ramin guda ɗaya, amma akwai wanda aka yi don ramukan da Ford da Ram da GM suke fitar da motocinsu da su tun daga masana'anta. Wanda nake da shi an rubuta masa ƙarfin jan laba 20,000, wajen kilo 9,000 ke nan, da ɗaukar nauyin laba 5,000 a kansa. Gida biyu ne: gindi da ke kama mota, da kai da ke kama tirela, kuma ana raba su ta hanyar zare fil biyu.

Abin da ya sa na ba shi zuciyata shi ne muƙamuƙinsa. Ƙarfe biyu ne masu kaurin inci ɗaya ɗaya, waɗanda suke rungume ƙusar tirela, mai kaurin inci 2, ta kowane gefe, ba tare da barin sarari ba. Wasu tantebur ɗin masu araha sanda ɗaya ce kawai take gittawa ta bayan ƙusa, kuma wannan ɗan sararin da ya rage shi ne yake haifar da bugun da direba yake ji a ƙugunsa duk sanda ya taka birki ko ya tashi daga danja. A nan babu wannan bugun, sai dai kaɗan a kan gadojin siminti masu gaɓa-gaɓa. Abu na biyu, wanda ya fi mini muhimmanci saboda abin da na riga na faɗa, shi ne mutum yana iya tsayawa a bayan mota da tocila ya ga muƙamuƙin da idonsa sun rufe a kan siririn wuyan ƙusar, kuma mariƙin ba ya komawa mazauninsa har a sa masa fil ɗin tsaro sai sun rufe ɗin. Na shafa farin fenti a bakin muƙamuƙin don su fi fitowa da asuba. Duk da haka ban daina gwajin ja ba: bayan na kulle, sai in ɗage ƙafafun gaban tirela kamar inci ɗaya kawai daga ƙasa, in matse birkin tirela da hannu daga cikin mota, in ɗan ja gaba. Idan akwai kuskure, tirelar za ta faɗa a kan ƙafafunta ne, bodin motata ya tsira. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma babu wani tantebur, kome kyansa, da ya isa ya ɗauke wa direba shi.

Wajen kwancewa ma yana da sauƙin hali. Filayen da ake yada zango a cikinsu ba duka ne a baje suke ba, kuma idan mota ta karkata gefe ɗaya tirela ta karkata ɗaya gefen, wasu ƙarafan sukan cije su ƙi sakin ƙusa har sai an yi ta gaba da baya. Mariƙin Companion yana buɗewa ko da akwai matsi a kan muƙamuƙi, sai ka ja gaba ƙusar ta fita. Kan nasa yana lanƙwasa gaba da baya da kuma gefe da gefe, yana zaune a kan bushin na roba mai tauri, shi ya sa ba ya kuka irin na ƙarfe a kan ƙarfe.

Farashin wannan ƙarfi shi ne nauyi, kuma wanda zai saya ya kamata ya san haka tun kafin ya biya kuɗi, waɗanda sun haura dala 1,000. Ko da an raba shi biyu, fitar da gindin daga bodi aikin mutum biyu ne, ko mutum ɗaya mai ƙugiyar ɗaga kaya a rufin garejinsa. Wanda yake son bodinsa fanko kowace Litinin don aikinsa na yau da kullum zai fi jin daɗin irin na kamfanin Andersen, wanda aka yi da alminiyam, mutum ɗaya yana ɗaga shi da hannu, ko da yake tsarinsa daban ne, domin ƙwallo yake amfani da shi, kuma sai an ɗaura wa ƙusar tirela wani mahaɗi. Ni dai nakan bar nawa a bodi daga bazara har kaka, in lulluɓe shi da tamfol.

Tsawon bodin mota ma yana shiga cikin zaɓi. Mai bodi na ƙafa 8 ba shi da damuwa. Mai gajeren bodi, na ƙafa shida da rabi ko kusa da haka, idan ya karya kwana sosai yana ribas, kusurwar gaban tirela tana iya fasa gilashin bayan motarsa. B&W suna da Companion mai zamewa baya inci 12, amma sai direba ya sauko ya ja mariƙi da hannunsa kafin ya shiga matsatsin wuri, kuma ranar da ya manta ita ce ranar da gilashi zai tafi. SuperGlide na kamfanin PullRite yana zamewa da kansa idan mota ta juya, kuma ga mai gajeren bodi da ya san yana da mantuwa, shi zan fara nuna masa.

Akwai wani kuskure da adadin laba 20,000 yake jefa sababbin masu saye a ciki, kuma ba laifin ƙarfen ba ne. Tantebur yana iya ɗaukar abin da motar da ke ƙarƙashinsa ba za ta iya ba. Irin wannan tirela takan ɗora kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na nauyinta a kan mota. Idan tirela da kayanta da ruwanta ta kai laba 12,000, kashi 20 cikin 100 laba 2,400 ne, kafin a ƙara nauyin tantebur ɗin kansa, da direba, da iyali, da akwatin kayan aiki, da janareta. A jikin ƙofar direba akwai takarda mai launin rawaya da fari da ta faɗi iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar takan ɗauka, kuma wannan adadin ne alƙali, ba wanda ake bugawa a talla na ƙarfin ja ba. Motoci da yawa ajin a-kori-kurar Ford F-250 masu injin dizal suna da ƙarfin jan tirelar amma ba su da sararin ɗaukar wuyanta, domin injin dizal ya fi na fetur nauyi, kuma nauyinsa daga cikin wannan adadin ake cire shi. Masu sayar da tirela ba kasafai suke tsayawa su yi maka wannan lissafi ba. Hanyar sanin gaskiya ita ce a loda komai kamar ranar tafiya, a je sikelin awon motoci na kamfanin CAT da ke manyan gidajen man tireloli, a auna mota da tirela tare, a kwance a sake auna mota ita kaɗai. Bambancin da ke tsakanin nauyin motar a awo na farko da na biyu shi ne nauyin wuyan tirelarka. Lasisi ma ya danganta da jiha: a Kaliforniya irin wannan tirela idan iyakar nauyinta ta haura laba 15,000 sai da lasisin aji na A wanda ba na kasuwanci ba, kuma a can duk mai jan tirela ba ya wuce mil 55 a awa.

Wajen ɗaurawa, gindin Companion yana da ramukan noti da ke ba da damar ɗaga kai ko saukar da shi, da matsar da shi gaba ko baya kaɗan. Abin da ake nema shi ne tirela ta tsaya daidai, ba ta ɗaga hanci ba, kuma a sami sarari kamar inci 6 tsakanin ƙasan wuyanta da saman gefunan bodi, don kada su haɗu a gangaren shiga gidan mai. Sababbin a-kori-kura sun yi tsawo, sau da yawa samun waɗannan biyu tare yana wuya, kuma tirelar da ta ɗaga hanci tana tara nauyi a kan tayoyinta na baya. Bayan an gama, sai a auna tsayin tirela daga ƙasa zuwa saman na'urar sanyaya ɗaki, a rubuta a manna kusa da sitiyari, domin manyansu suna kaiwa kusan ƙafa 13 da inci 6, kuma tsofaffin gadojin jirgin ƙasa ba su duka ne suka kai haka ba.

Kula da shi ba ya cin lokaci. Ina sa faifan roba mai santsi a ƙarƙashin wuyan tirela maimakon shafa giris a saman tantebur, saboda giris yana kama yashi kuma yana ɓata riga. Muƙamuƙi da ƙusa da bushin ne nake shafa wa giris, sau biyu a shekara, kuma nakan bi notin da sifana mai awon ɗauri a farkon kowace kakar tafiya. Fentinsa ya goge a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, wanda hakan dole ne, amma tsatsa ba ta ci shi ba, duk da gishirin da ake zubawa a titunanmu lokacin dusar ƙanƙara.

Tirelar ce mai cin kulawa. Tayoyinta sukan tsufa kafin zanensu ya cinye, kuma lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Taya ta taɓa fashe mini a kan babbar hanya da tsakar rana, robar ta tsinke wayoyi ta fasa ƙasan kicin, tun daga ranar nake auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, kuma ba na barin ta haura shekara biyar. Boris ɗin ƙafafu ana sake masa giris duk wata 12 ko mil 12,000, kamar yadda masu ƙera aksil irin Dexter suke shawarta, kuma a wannan buɗewar ake duba birki. Igiyar birkin gaggawa, wadda take kama tirela idan ta tsinke daga mota, a jikin mota ake ɗaura ta, ba a jikin kan tantebur ba, kuma ba ta aiki idan batirin tirela ya mutu. Rufin tirelar na roba ne, ruwa kuma ta bakin tagogin sama da gefuna yake shiga idan abin liƙi ya tsage, ya ruɓar da katako a ɓoye, don haka nakan hau in duba sau biyu ko uku a shekara. Kafin sanyi ya kama, sai a zubar da ruwan tankuna duka, a cika bututu da ruwan nan mai launin hoda da ba ya daskarewa, wanda aka yi musamman don bututun ruwan sha, ba irin na lagireto ba, wanda guba ne.

Ga wanda yake da mota ajin F-350, wadda ta fi F-250 ɗaukar nauyi, ko makamanciyarta mai dogon bodi, kuma ba ya bukatar cire ƙarfen kowane mako, ban ga abin da zai hana shi sayen Companion ba, kuma da yau za a sace nawa, irinsa zan sake saya. Wanda motarsa ƙarama ce, ya fara zuwa sikeli da takardar jikin ƙofarsa kafin ya je shago, domin yana iya gano cewa abin da yake bukata ƙaramar tirela ce, kuma a lokacin ƙarfe mai ɗaukar laba 16,000 ma ya ishe shi.