Taron masu barin giya: yadda muka same shi daga Zariya

A Zariya mai shan giya a ɓoye yake sha, ko burkutu ne ko 'yar leda, kuma idan ya tashi bari a ɓoye yake neman taimako. Shi ya sa ba za ka ga allon irin wannan taro a bakin titin Tudun Wada ko PZ ba. Mu da muka daɗe muna zama a cikinsa, ra'ayinmu shi ne yana aiki kuma ba a biyan ko sisi, amma akwai matakin da ke gabansa, wato ganin likita, wanda tsallake shi kan jawo asarar rai.

Wanda ya shekara yana sha kullum, har hannunsa na rawa da safe sai ya kurɓa, kada ya yanke lokaci guda a ɗaki shi kaɗai. Jiki ya riga ya saba. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe zufa da karkarwa da tashin zuciya ke farawa, cikin kwana biyun farko ana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, a rana ta biyu zuwa ta huɗu kuma wasu kan rikice suna gane-gane. A nan ne iyali ke cewa iska ce, alhali likita ake buƙata cikin gaggawa. A fara da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Faɗa wa likita gaskiyar kwalba nawa kake sha a rana, domin da wannan yake auna maganin da zai sauko da kai a hankali, tare da bitamin B1. Kafin ka fito, tambaye shi ko ma'aikacin jin daɗin jama'a inda waɗanda aka sallama suke haɗuwa.

Ƙofar da ta fi sauƙi daga nan ita ce waya. Ƙungiyar masu barin giya ta Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, tana da taruka a Zoom dare da rana, sharaɗin shiga kuwa ɗaya ne: kana son daina sha. Akwai taron da kowa ke iya zama, akwai na masu matsalar kaɗai, akwai na mata zalla. Yawanci awa ɗaya ne. Mai jagora ya buɗe, a yi ɗan karatu, sai kowa ya ɗauki minti uku zuwa biyar ya faɗi halin da yake ciki. Ba a katse mutum, ba a yi masa wa'azi. Sabon zuwa zai iya cewa yau sauraro kawai zai yi.

Kafin ka shiga, canza sunanka na Zoom zuwa sunan farko kawai, cire hotonka, kashe kyamara, ka sa abin kunne. Kashe kyamarar na rage cin data sosai. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, muryarka ce za ta tona ka, don haka zaɓi wurin zama tun da wuri. Lura da agogo kuma idan daga Ingila ake gudanar da taron: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Ingila, sauran watanni mun riga su da awa ɗaya, kuma mutane da yawa sun rasa taro a kan wannan. Zaɓi taron da ya faɗo daidai lokacin da ka saba fita sha, ga mafi yawa bayan magariba.

Abin da ya fi amfani a wajenmu shi ne mai riƙo, wato wanda ya daɗe da bari, ka karɓi lambarsa ka kira shi kafin ka sayi kwalba. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Za ka ji ana ba sabon zuwa shawarar taro 90 cikin kwana 90. Ba doka ba ce, amma watanni ukun farko su ne lokacin da aka fi zamewa.

Inda taron ya gaza a bayyane yake. Da Turanci ake yin kusan duka, wanda bai ji ba an bar shi a baya, kuma wannan yana damun mu ƙwarai. Wasu tarukan na rufewa da addu'ar Kirista. Musulmi zai iya yin shiru ya yi tasa, ko ya koma SMART Recovery, wata ƙungiyar masu barin shaye-shaye wadda ba ta sa addini a tsarinta. Za ka kuma haɗu da wanda zai ce ka ajiye maganin asibiti tunda ka samu taro. Kada ka saurare shi, ba likita ba ne. Wanda ya fara neman rance ko ya matsa sai ya san unguwarku, ka ja baya.

Idan taro ɗaya bai kwanta maka ba, gwada wasu biyar ko shida, kowanne da irin mutanensa. Idan ka zame ka sha, koma washegari ka faɗa, ba a korar kowa. In kuwa shan ya ɗauki kwanaki a jere, sai ka fara komawa wurin likita.