Daga Ohayo zuwa Daura: labarin laba, galan da tiyarmu

Yaya Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka ce in faɗa maka nawa ake sayar da tiyar shinkafa a nan jihar Ohayo ta Amurka. To, nan babu tiya, babu mudu, babu buhu mai tiya 40. Komai sai an ɗora a sikeli, kuma sikelin ba kilo yake nunawa ba, laba yake nunawa.

Amurkawa sun riƙe awonsu na gado ƙam. Nama, tumatir, albasa, shinkafa, duk da laba ake saye, laba ɗaya kuwa giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba. Mai da galan, tafiya da mil, tsawon mutum da ƙafa da inci. Zafin gari ma da nasu ma'aunin, wanda ruwa ke daskarewa a 32, don haka idan ka ji an ce yau gari ya kai 100, kusan 38 ke nan a namu, abin da bai kai zafin Daura a watan Afrilu ba. Galan ɗinsu lita 3.785 ne, na Ingila kuwa lita 4.546. Suna ɗaya, ciki daban.

Abin da nake so ka lura da shi, Yaya, shi ne wannan laba tasu ba sakaka take ba. Tun 1875 aka zauna a Paris, ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita, kuma Amurka na cikinsu. A 1959 ita da Ingila da wasu ƙasashe masu Turanci suka amince cewa yadi ɗaya mita 0.9144 ne daidai, laba ɗaya kilo 0.45359237. Ka ga ke nan da kilo ake auna labar kanta. A 1975 majalisarsu ta yi dokar komawa kilo da mita, amma ba ta tilasta wa kowa ba, mutane suka ci gaba da abin da suka saba. Duk da haka, ɗauki jakar shinkafa a kanti, za ka ga an rubuta laba 20, a gefe kilo 9.07. Lemon kwalba babba lita 2 ce. Magani kuwa duk da miligiram da mililita.

Akwai wani kantin 'yan Afirka da nake sayen naman rago. Mai yanka zai ɗora leda a sikeli, ya danna ya cire nauyin ledar, sannan ya zuba naman. Fuskar sikelin tana kallon mai saye. Takarda ta fito ɗauke da nauyi, da kuɗin laba ɗaya, da jimla. A jikin sikelin akwai ɗan tambari na jami'in awo, da shekarar da aka duba shi. Irin wannan tambarin yana jikin kowane famfon gidan mai. Jami'an suna zuwa da tulun ƙarfe mai galan 5 su tsiyaya, idan bai cika ba su rufe famfon. Ba wai mutanen nan sun fi mu tsoron Allah ba ne. Akwai mai dubawa ne, kuma akwai abin da yake dubawa da shi.

Mu fa? Tiyar Daura ba lallai ta zo daidai da ta Mai'aduwa ba, balle kwanon Kano ko mudun Funtuwa. A rumfa ɗaya ma, kai ka sani, akwai mai kwanon saye daban da na sayarwa. Wani ya buga gindin kwanon ya lotsa. Wani ya yi tsororuwa har da tare hatsi da hannu idan yana saye daga manomi, idan ya juyo wajen mai cefane ya shafe baki. Manomin da ya sha rana daga shuka zuwa girbi shi ake cuta da safe, matar da ta zo awon tuwon dare ita ake cuta da yamma. Wannan abin yana ci mini rai, domin mu ne muke karanta Suratul Muɗaffifina, mu ne muka san abin da ya sami mutanen Annabi Shu'aibu a kan tauye mudu. Duk shekara muna fitar da zakkar kono da sa'i, mudu huɗu na mudun Annabi (SAW), muna kaffa-kaffa kada ya gaza. Wannan kulawar ce ba ta biyo mu kasuwa ba.

Kada ka ɗauka ina yabon taurin kan Amurkawa. Yana jawo musu asara. A asibitin da nake aikin jinya, uwa za ta ce ɗanta laba 44 ne, alhali maganin yara da kilo ake lissafa shi. Kilo 20 ke nan. Idan aka rubuta 44 a gurbin kilo, yaro zai sha fiye da ninki biyu na abin da ya kamata. Shi ya sa a sashenmu sikelin yara kilo kaɗai yake nunawa, iyaye su yi ta tambaya nawa ne a laba, mu lissafa musu. A 1999 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda ɓangare ɗaya ya yi lissafi da awon laba, ɗayan yana zaton na mita da kilo ne. Hatta takarda: A4 da muke amfani da ita ta fi tasu tsawo, tasu ta fi faɗi. Kwanan wata kuma wata suke fara rubutawa, 3/4 a wajensu 4 ga Maris ne, a wajenmu 3 ga Afrilu. Duk mai cike fom na biza ya kiyaye.

Lambobi ma kowa da hannunsa. Ka tuna a Jidda biyar ɗinsu ta yi kama da sifirinmu, sifirinsu kuwa ɗigo ne. Amma Saudiyya ba ta zubar da nata ba, ba ta kuma wahalar da baƙo ba: takardar riyal fuska ɗaya lambobin Larabci, ɗaya fuskar irin namu, lambar mota ma haka. Tsallaka iyakar Kwangwalam ka shiga Nijar, inda muke sa ɗigo a lamba su waƙafi suke sawa, kuma ɗan kasuwar Damagaram da dala yake ƙidaya, dala 20 ita ce sefa 100. Bai hana ciniki ba, don kowa ya san dala sefa 5 ce, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Haka ajamin da ke jikin naira 500 da 1000 bai rage wa kowa kwabo ba, ya dai taimaki tsohon da bai yi boko ba.

Mu ma mun taɓa sauya abubuwa, kuma suka zauna. A zamanin Janar Gowon, a watan Afrilun 1972, aka koma tuƙi ta hannun dama irin na maƙwabtanmu. Ranar 1 ga Janairun 1973 fam da sule suka ba naira da kwabo wuri. Lita ta kama a gidan mai, kilo ya kama a buhun siminti da na taki, kilomita ta kama a hanya. Kasuwar hatsi ce aka bari a baya, ita da ta fi shafar cikin talaka.

Ni ban ce a jefar da tiya ba. Ba kowace mai sayar da wake a bakin kasuwa ke da kuɗin sikeli ba, kuma mutane sun san tiya nawa ke ciyar da gidansu a mako. Abin da nake so shi ne a yi mata abin da Amurka ta yi wa laba. A tsayar da ita: tiya lita kaza ce a shafe, a duk faɗin jihar Katsina. A ƙera ta da ƙarfen da ba ya lotsawa, a buga mata hatimi. A ajiye sikeli ɗaya a wajen Sarkin Kasuwa, duk wanda ya yi shakkar buhunsa ya je ya ɗora kyauta. Kai da kake da baki a ƙungiyar 'yan hatsi, don Allah ka kai wannan magana zamanku. Masu sayen riɗi da zoɓo don fitarwa waje da kilo suke saye, kuma manomin da bai san tiyarsa kilo nawa ce ba, yadda aka ga dama ake yi masa lissafi.

Batun injin markaɗe da Hajiya ta ce in aiko mata, a ba ta haƙuri. Wutar nan bolt 120 ce, tamu 230, da ta jona zai ƙone. Zan turo kuɗi ka saya mata a Katsina ko Kano. Wayar yara kuwa ba matsala, cazarta tana ɗaukar daga 100 zuwa 240, sai dai a nemi mahaɗi mai baki uku irin na gida. A gaida Inna da Kawu, a ce su ci gaba da sa ni a addu'a.