Littafin Labari ko Ziyarar Kusugu: Wanne Ya Fi wa 'Yan Aji Biyar da Shida?

Malamin da zai koyar da ƙagaggen labari mai tushe a tarihi a nan Daura yana da hanya biyu: ya raba wa yara littafi, ko ya kwashe su zuwa rijiyar Kusugu.

Littafi ba ya bukatar kuɗin mota ko izinin iyaye. Babban amfaninsa shi ne ana iya tsayawa a kan jimla guda a tattauna. Sai malam ya raba allo biyu. Gefe ɗaya abin da aka gada daga bakin magabata: zuwan Bayajidda, macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, aurensa da Daurama. Ɗaya gefen kuma abin da marubuci ya ƙara, kamar hirar da ya sa a bakin mutane. Matsalar dai littattafan ba sa isa, yara su yi cincirindo a kan kwafi ɗaya, na baya kuwa sai hamma.

Ni kam ziyara na fi so. Yaron da ya leƙa rijiyar da idonsa, in ka ce ya rubuta labarin wata yarinya da ta zo da tulu ranar da aka kashe macijin, alƙalaminsa ba ya tsayawa. Malaman Katsina ma ga Hasumiyar Gobarau kusa da su. Sai dai ziyara da ƙyar ake samunta sau ɗaya a zango, kuma in ba a karanta labarin kafin a tafi ba, yara yawon buɗe ido kawai za su ɗauke ta.