Gudu ko keke: wanne zai fi kawo kuɗin marayun?

Ƙanena, ka ce ku 'yan fadarku, wato majalisarku ta samari, kuna son yin doguwar tafiya don tara wa marayun unguwa kuɗin karatu da sutura, kuma kun rabu biyu: wasu na son gudu zuwa Mirya, wasu na son keke zuwa Takeita. Allah Ya saka muku da alheri. Ga yadda nake ganin su biyun.

A wajen nisa keke ne gaba. Takeita kusan kilomita 50 ce daga Damagaram, kuma saurayi mai lafiya da keke mai kyau zai isa cikin awa uku zuwa huɗu. Mirya kusan kilomita 18 ce kawai, amma wanda bai saba gudu ba zai ji ta a gwiwa har kwana uku. Gudun yada ƙanin wani da ake yi a manyan biranen duniya kilomita 42 ne da mita 195, masu yinsa kuwa watanni suke kwashewa suna shiri. Kada wani ya ce muku ƙarfin samartaka ya isa. Ko Mirya ɗin, ku ba kanku wata biyu kuna fita bayan sallar asuba.

A wajen kashe kuɗi kuma gudu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Takalmi da ruwa, shi ke nan. Keke sai an duba birki da sarƙa, a ɗauki famfo da kayan faci, don ƙaya ba ta ƙarewa a gefen hanyoyinmu. Nawa ne a cikinku ma suke da keken da zai jure kilomita 100 zuwa da dawowa? Idan aka yi aro ko haya, to an fara cin kuɗin marayu tun ba a tara ba, wannan kuwa shi ya fi damuna.

Hanyar Takeita ita ce babbar hanyar Maradi da Yamai, ga manyan motoci ga motocin fasinja masu gudu. Ɗan keke shi kaɗai a nan abin tsoro ne. Hanyar Mirya ma ba wasa ba ce, sai dai masu gudu a dunƙule direba na hango su daga nesa, ana kuma iya sa babur gaba, mota a baya.

To, ga inda na fi son ka tsaya ka duba. Kuɗin irin wannan tafiya daga hannun masu kallo suke fitowa. A 1980 wani saurayi ɗan Kanada, Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya saboda ciwon daji, ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 don tara kuɗin binciken cutar. Mutane sun bayar ne don suna ganinsa da idonsu, gari bayan gari, yana ɗingishi yana wucewa. Ɗan keke kan wuce kamar iska, kafin mai shago ya sa hannu a aljihu ya yi nisa, sauran tafiyar kuma daga shi sai gonaki. Mai gudu kuwa ana ganin gumi a fuskarsa, a kira sunansa, yara su bi shi.

Yi lissafi. A ce kowa ya samu mai ɗaukar masa alkawarin dala ashirin, wato sefa ɗari, a kan kowace kilomita. A kilomita 50 ɗin zuwa ɗan keke zai kawo jaka biyar (sefa dubu biyar), mai gudu bai cika jaka biyu ba. Amma 'yan keke da ƙyar ku kai goma, jaka hamsin ke nan. Gudu kuwa mutum ɗari ba wuya, an doshi jaka 180, kuma kowa na da kawu da gwaggo da maigida a kasuwar Dole. Dattawa da mata ma za su iya taka kilomita biyu ko uku cikin gari su samu ladarsu.

Don haka ni gudu na zaɓa. Ku tashi daga ƙofar fadar Mai Martaba a Birni, ku ratsa gari kafin ku kama hanya, ranar Lahadi, ku tarar da kasuwar Mirya tana ci. Masu keke kada su ji an bar su: su ne za su ɗauki ruwa da haɗin gishiri da sukari, su riƙa komawa baya wajen wanda ya gaza.

A yi shi a Disamba ko Janairu da sassafe. A Afrilu da Mayu zafi na wuce maki 40, ba a wasa da rai. Ku nemi izini wajen hukuma, ku tafi da ma'aikacin lafiya. Kuɗin kuma a damƙa wa dattawa biyu amintattu, a rubuta kowace dala a littafi, a karanta wa jama'a a ƙofar masallaci kafin a sayi ko alli ɗaya.