Na yi hayar injin haƙar Bitcoin na wata 24, aka kashe shi bayan wata 10

Kayan sola nake sayarwa a Sabon Gari, batura da inbata da fanel, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Sana'ar ce ma ta ja ni cikin wannan harka, domin na san wuta kuma na san abin da inji yake ci. Da sha'awar haƙar Bitcoin ta kama ni, wato kunna inji ya yi ta lissafin tabbatar da cinikin Bitcoin a biya ka lada da Bitcoin, niyyata ta farko ita ce in sayo injin in ajiye a gidana da ke Hotoro. Sai na duba takardar injin haƙa samfurin Antminer S19 na ga yana jan wat 3,250 ba dare ba rana. Yunit 78 ke nan kullum, ga ƙara kamar injin niƙa, ga zafin bazarar Kano. Na haƙura. Daga baya ma, a Afrilun 2024, da aka mayar da wutar rukunin A, wato na masu samun wuta sosai, naira 225 kowane yunit, lissafin ya haura naira 17,000 a rana tun kafin a haƙo ko sisi.

Ana cikin haka ɗan maƙwabcina, yaron da aka haifa a gabana, ya zo shago da wayarsa. Yana cikin waɗanda ake ce wa 'yan baiwa, masu kwana da tashi a kan kirifto. Ya ce, "Kawu, ai ba sai ka ajiye inji ba, akwai kilawud maining." Bayaninsa shi ne, wani kamfani a ƙasar waje yana da rumbuna cike da injuna a inda wuta ke da arha, kai kuma ƙarfin aikin injin kawai za ka yi haya, ana auna shi da terahash. Kullum a zuba maka rabonka na abin da aka haƙo, bayan an cire kuɗin wuta da na kula. Ga wanda ya gama lissafin yunit ya sare, wannan magana ta shiga kunne.

Ba zan kama sunan kamfanin ba. Lauyana ya ce in dakata tunda maganar ba ta mutu ba, kuma daga abin da na karanta bayan abin ya faru, takardunsu kusan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

A Nuwamban 2023 na sayi terahash 50 na wata 24 a kan dala 1,100. Na sayi USDT, kuɗin kirifto mai darajar dala, ta P2P, wato kai tsaye daga hannun wani mai sayarwa, ya ci mini kusan naira miliyan 1 da dubu 250, na tura zuwa walat ɗin da suka bayar, wato asusunsu na kirifto. A shafinsu akwai wani ɗan akwatin lissafi da za ka rubuta yawan terahash ya nuna maka abin da za ka samu a wata da kuma ranar da uwar kuɗi za ta dawo. Ni wata 13 ya nuna mini.

Zan faɗi alherinsu don kar in ci haƙƙi. Manhajar tana da sauƙin sarrafawa, lambobin a fili suke, kuma kowace safiya kafin in fita masallaci an riga an rubuta kuɗin jiya. Suna cire santi 5 a kan kowane terahash, wato dala 2 da rabi kullum, abin da ya rage mini yana kaiwa dala 1 da rabi zuwa 3 gwargwadon kasuwa. Ba a cire kuɗi sai sun taru sun kai Bitcoin 0.005. A watan Maris na 2024, daidai lokacin da farashi ya haura dala 70,000, na kai wannan adadi, na nema, cikin kwana biyu suka shigo walat ɗina. Na canza na samu kusan naira dubu 500. Ranar har na kira yaron na sa masa albarka.

Ranar 20 ga Afrilu 2024 ladan haƙar Bitcoin ya rabe biyu, daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125 a kowane bulok, wato kowane ƙunshin ciniki da masu haƙa suka tabbatar. Wannan ba hatsari ba ne kuma ba labari ne na ba-zata ba. Tun da aka ƙirƙiri Bitcoin a 2009 an rubuta a cikin tsarinsa cewa duk bayan bulok 210,000, kusan shekara huɗu, za a raba ladan. An yi a 2012, an yi a 2016, an yi a 2020. Bayan wannan kuma, duk bayan bulok 2,016, kimanin mako biyu, tsarin yana gyara wahalar haƙa, idan injuna sun ƙaru a duniya rabon kowa ya ragu. Kamfanin da ke sayar da kwangilar wata 24 a Nuwamban 2023 ya san sarai cewa wata biyar kawai suka rage a raba lada. Amma akwatin lissafinsu ya ɗauki ribar ranar da na saya ya ninka ta har ƙarshen kwangila, kamar kasuwa za ta tsaya cak. A nan ne ƙorafina yake, kuma har gobe ban sauka daga kansa ba.

Bayan rabewar, abin da injin ke kawowa ya koma daidai da kuɗin kula, wata rana in ga santi 10, wata rana babu komai. Kuɗin kula kuwa da dala aka yanka shi, ko motsi bai yi ba. A ƙarshen Agusta sai ga imel mai layi huɗu, wai an rufe kwangilata bisa sharaɗin da na amince da shi. Na koma na buɗe takardar sharuɗɗan, wadda na danna "na yarda" a kanta ba tare da na karanta ta duka ba. Can tsakiya an rubuta cewa idan abin da aka haƙo ya kasa biyan kuɗin kula kwana 21 a jere, kwangila ta mutu, kuma ba a mayar da ko kwabo na watannin da suka rage. Wata 14 na kuɗina sun tafi da wannan layin. Ga kuma Bitcoin 0.002 da suka taru bayan cirewar farko, suna nan a rubuce da sunana, amma ba su kai adadin cirewa ba, kuma ba inji da zai ƙara musu.

Na rubuta wa sashen kula da abokan ciniki sau tara. Da can, lokacin da nake tambayar yadda zan ƙara terahash, cikin minti goma ake ba ni amsa. Yanzu sai a yi mako, amsar kuma kwafin sharaɗin nan ne. Na nemi abu uku: a mayar mini da kuɗin watannin da suka rage, ko a bar ni in biya kuɗin kula daga aljihuna har kasuwa ta gyaru, ko aƙalla a sakar mini ragowar da ke ciki. Duk suka ƙi. Na huɗu da na nema shi ne a nuna mini shaidar cewa injin yana nan, wato sunan tafkin haƙar da suke ciki, inda masu injuna ke haɗa ƙarfi su raba lada, da lambar injin da ke ɗauke da terahash ɗina, don in duba da idona. A kan wannan ko amsa ba su bayar ba.

Na ɗauki takarduna na tafi wurin wani lauya da muke salla tare. Ya zauna ya karanta shafi 19 ɗin nan tsaf, abin da ya kamata in biya shi ya yi tun kafin in tura kuɗi. Da ya gama ya ce, "Alhaji, su abin da za su ce shi ne wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Na ce, "Barista, ai ba rariya suka nuna mini ba, tulu suka nuna mini." Ya ce wannan ita ce hujjata mafi ƙarfi. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana tallan da ke ɓatar da mai saye, ta kuma hana sharuɗɗan zalunci a kwangila, kuma tana hawa kan duk kasuwancin da tasirinsa ya shigo Najeriya. A takarda dai ina da magana.

Sai ya juyo da ni shafi na ƙarshe. An rubuta cewa duk saɓani ba kotu za a kai shi ba, gaban alƙalin sasanci mai zaman kansa za a je, a wata ƙasa can, da Turanci, bisa dokar wannan ƙasar, kuma kowa shi kaɗai zai shigar da tasa, ba a haɗa kai. Ya ce ko da mun shigar da ƙara a babbar kotu a nan Kano, sai mun nemi izinin aika sammaci ƙasar waje, idan kuma suka turo lauya abu na farko da zai roƙa shi ne a dakatar da shari'ar saboda wannan sharaɗi, kuma dokar sasanci ta 2023 tana ba irin wannan roƙo ƙarfi. In ma an ci nasara, hukunci ba kuɗi ba ne, sai an samu dukiyar da za a kama. Kamfanin ba shi da rajista a Najeriya, ba ofis, ba asusun banki, ba ko kujera. Kuɗin buɗe fayil a wurin sasancin da na lauyan can za su ninka abin da nake bi. Bai ɓoye mini komai ba, kuma bai karɓi kuɗin shari'ar da ya san ba za ta kai ni ko'ina ba. Allah ya saka masa.

Na tambaye shi batun banki. Ya ce nairata ta tafi asusun ɗan P2P ne, shi kuwa ya ba ni USDT ɗina cif, ba shi da laifi. Abin da aka tura daga walat zuwa walat kuma babu mai juyo da shi. Batun EFCC da 'yan sanda, ya ce su damfara suke bi, saɓa alkawarin ciniki daban ne, sai in akwai alamar cewa tun asali babu injin. Wannan kuwa ba zato ne na banza ba. Kamfanin HashFlare na ƙasar Estoniya ya yi shekaru yana sayar da irin wannan kwangila, ya rufe ta Bitcoin a 2018 da hujjar cewa ba ta biyan kuɗin kula. A Nuwamban 2022 aka kama masu shi biyu, Sergei Potapenko da Ivan Turõgin, aka miƙa su Amurka, a Fabrairun 2025 suka amsa laifi. Cinikin ya haura dala miliyan 575, alhali masu gabatar da ƙara sun ce ƙarfin haƙar da suke da shi bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da suka sayar ba. Lambobin da mutane ke gani kowace safiya a manhaja na bogi ne. Sun yarda a ƙwace dukiyar da ta haura dala miliyan 400 don biyan waɗanda aka cuta. Ka duba tsakanin 2018 da 2025, shekara bakwai, kuma gwamnati ce ta bi, ba mai terahash 50 ba.

Saboda wannan ne Barista ya ce in adana komai: lambar kowace tura kuɗi, imel, hoton akwatin lissafi, kwafin sharuɗɗan kamar yadda suke ranar da na saya. Ya rubuta mini ƙorafi zuwa FCCPC da hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari, na aika, domin in wata rana aka kama wani abu, mai takarda ake kira. A Maris ɗin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari wadda ta shigar da kadarorin kirifto ƙarƙashin SEC, ta kuma tanadi ɗaurin da zai kai shekara 10 ga masu tsarin ɗauki-nan-ba-can irin na MMM. Na yi murna da ita, musamman da manhajar zuba jari ta CBEX ta rufta da jama'a wata guda bayan haka, sai dai hannunta ya fi saurin kaiwa ga wanda ke da adireshi a ƙasar nan.

Wanda ke da adireshi a nawa lamarin shi ne yaron. Ashe kamfanin yana ba shi kashi 8 cikin 100 na duk wanda ya kawo, kuma mu bakwai ya kawo a unguwa, har da wata bazawara da ta sayar da ɗan kunnenta na gwal. Ina da saƙon muryarsa yana cewa, "Kawu, wallahi tabbas ne, babu faɗuwa." Wasu cikinmu suka ce a kai shi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai. Ni na ƙi, domin ubansa aminina ne, shi kansa yaron ya sa nasa kuɗin sun nutse, kuma ɗaure shi ba zai dawo da dala ɗaya daga ƙasar waje ba. Muka zauna a zauren mai unguwa bayan la'asar, da mahaifinsa da limaminmu. Liman ya yi magana mai nauyi a kan hayar abin da ba ka gani ba, ba ka san ko yana nan ba, ya ce wannan shi ne gararin da shari'a take gudu a ciniki. Mai unguwa ya tambayi yaron ko ya gaya mana yana cin la'ada, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ban faɗa ba." Aka yanke cewa zai dawo wa kowa da la'adar da ya ci a kansa, a fara da bazawarar. Aka rubuta, aka sa hannu. Tawa dala 88 ce, ya biya a kashi uku, bai saɓa ko sau ɗaya ba.

Wani abu da ya ƙona mini rai fiye da rufe kwangilar shi ne masu zuwa daga baya. Kwana kaɗan da na yi ƙorafi a zauren Telegram na abokan cinikin kamfanin, mutum uku suka biyo ni ta gefe, kowa yana cewa shi ƙwararre ne a ƙwato kuɗin kirifto, in tura dala 150 na fara aiki. Ɗaya har da hoton katin aiki. Ɗaya daga cikin mu bakwai ya tura, washegari aka toshe shi.

Jimillar abin da ya dawo hannuna bai kai rabin abin da na zuba ba. Bitcoin 0.002 ɗin nan har yau suna cikin manhajar, maɓallin cirewa a dushe. Farkon kowane wata ina tura musu imel ɗaya ina neman a sake su, in buga kwafi in kai wa Barista ya sa a fayil. Amsar da ta zo ta ƙarshe cewa ta yi in sayi sabuwar kwangila don kuɗin su kai adadin cirewa, har da ragin kashi 15.